Kada Ka Sayar da Gonar Bakin Rafi

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya Auta da karatu?

Jiya abokin aikina ya nuna min kai a waya, kana jawabi a majalisar ƙasa kan tsadar taki. Na yi ta maimaitawa. Baba, da gaske ne akwai mai kashe maka abin magana in lokacinka ya cika? Kai da gaisuwa kaɗai kan kai ka hantsi? Kuma zauren nan da babu taga, ta yaya kake gane hadari ya haɗo? Da ka ɗaga hannu wajen ƙuri'a, na ga tafin ya yi sumul, duk kantar fartanya ta baje. Ba ya yi maka ƙaiƙayi in damina ta faɗi?

Ni lafiyata ƙalau, kada Inna ta damu. Aikin ofis ɗin bai samu ba tukuna, ina dai taɓa wani a wata rumfar gilashi da ake shuka a cikinta, tumatir muke tsinka. Bayana ne kawai ke ɗan damuna, shi ma da sauƙi.

Yaya ya ce kana shawarar sayar da gonar bakin rafi tunda babu mai duba ta. Don Allah ka dakata. Kantar da ta bar hannunka, Baba, ga ta nan a nawa.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanka da ya rantse ba zai yi noma ba.