Baba, Sun Ce In Cire Sunanka

Zuwa ga mahaifina, Gwani Modu na unguwar Dala.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uba tana durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. 'Yarka ce, Yagana. Na san takarda ba ta shiga kabari, shi ya sa zan kai wannan a buga a jarida, domin waɗanda nake so su ji suna nan da ransu, kuma sun iya karatu.

Baba, an ba ni wa'adi zuwa Juma'a. Ƙaninka Baffa Bukar, wanda yake zaune a kan buzunka yanzu, ya aika aka kira ni zaure a gaban dattawan gida. Ya ce in zaɓi ɗaya: ko in koma gidan rediyo in ce na yi kuskure na tuba, ko in cire sunanka daga duk abin da nake rubutawa. Wai kada in ƙara sa hannu da Yagana Modu. Wai sunan Gwani ba na wasa ba ne.

Bari in ba ka labarin yadda aka yi, tunda ba ka nan. Bana soja suka koma bariki, farar hula suka hau, bakin kowa ya buɗe. Gidan rediyo suka gayyace ni, wai ga 'yar cikin gari ta dawo daga ƙasar waje da digirin dakta. Mai gabatarwa ya tambaye ni sunan fannina da Hausa, na ce masa juyin halitta, kamar yadda muke faɗa a aji. Daga nan na yi rabin awa cur ina maganar gero. Gero fa, Baba, na fura da kunu!

Kafin motar haya ta sauke ni a Ƙofar Wambai, juyin halitta ya zama juya halitta. Da maganar ta isa Gwammaja, an ce 'yar Gwani tana juya halittar Allah a cikin kwalba. Da ta iso ƙofar gidanmu kuwa, wai har na ce kakanmu biri ne. Wallahi tallahi ban ambaci biri ba. Mai wainar bakin lungu, wadda ta san ni tun ina tatata, ta ƙi karɓar gaisuwata. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

To amma wa ya fara ɗora ni a kan wannan hanya? Kai ne.

Ka tuna gonarka ta bayan ganuwa? Ina da shekara tara, gero ya fitar da kai, muka je da kai ranar Alhamis da babu karatu. Na ga manoma suna tuge wani abu mai kama da gero sak, sai dai zangarniyarsa siririya ce, 'ya'yansa na zubewa da an taɓa. Suka ce sunansa shibra, geron banza ne, ba a barinsa a gona. Ni ma na kama ɗaya zan tuge don in nuna na iya. Ka riƙe hannuna ka ce, "Kafin ki tuge shi, kin tambaye shi ɗan gidan wane ne?"

Manoman suka yi dariya, suka ɗauka barkwancin Babarbare ne. Ni ban yi dariya ba. Tambayar ta bi ni makarantar 'yan mata, ta bi ni jami'a, ta hau jirgi da ni.

Kuma kai ka koya mini yadda ake neman amsa. Duk ɗalibin da ya zo maka da wata magana, ba ka cewa ƙarya ce, ba ka cewa gaskiya ce. Sai ka gyara zama ka ce, "Daga wa ka ji? Shi kuma daga wa?" Ina jin ka ta bayan asabari kana jero salsalar malamanka, wane daga wane, har ka dangana da Barno inda kakanninmu suka taso. Ka ce mini ilimin da ba shi da salsala kada in ba shi wurin zama.

Aikina ke nan, Baba, ba ƙari ba ragi. A cikin kowace ƙwayar gero akwai wani rubutu da Allah ya ajiye, wanda ido ba ya gani sai da na'ura, kuma kowane tsiro yana gadonsa daga iyayensa. Shekara da shekaru na yi ina karanta shi, ina gwada na gero da na shibra da na ciyawar daji, harafi da harafi, yadda kake gwada kwafi biyu na littafi ɗaya don ka gane wanne aka juya daga wanne. Na bi salsalar gero baya, na tarar gidansu ɗaya da ciyawar daji. Kakannin kakanninmu ne suka yi ta ware zangarniya mafi kyau suna ajiyewa iri, damina bayan damina, har ciyawa ta zama abinci. Shibra kuwa ɗan auratayya ne tsakanin na gida da na daji. Ashe ba geron banza ba ne, yana da dangi ta kowane ɓangare, kuma a jikin danginsa na daji akwai juriyar fari da geronmu zai buƙata ranar da ruwa ya yi gardama.

Ina saɓon yake a nan? Allah ya halicci ciyawa, Allah ya halicci manomi, ya ba shi ido da haƙuri. Duk wanda ya taɓa ware iri a rumbu ya yi abin da nake bayani, sai dai bai sa masa suna ba.

Ranar da amsar ta fito sarai, na rubuto maka wasiƙa shafi huɗu. Tana hanya ka rasu. Ban ga gawarka ba, ban ji muryarka ta ƙarshe ba, ina can wata ƙasa ina wanke kwalabe. Da na dawo na sami wasiƙar a cikin akwatin littattafanka, ba a ko buɗe ta ba. Wannan kam har gobe in na tuna sai na yi kuka.

Yanzu ga abin da Baffa bai sani ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Masu bincike suna da wata al'ada: in za su kafa hujja da aikin wani, ba sa kiran sunansa na yanka, sai sunan mahaifinsa. Saboda haka babu mai cewa Yagana. Ɗalibai a ƙasashen da ban taɓa takawa ba suna rubuta, "kamar yadda Modu ya nuna." Wani farfesa ya aiko mini da takarda yana kira na Malam Modu, ya ɗauka namiji ne mai gemu. Na yi dariya har na riƙe ciki, sannan na ga bai yi kuskure sosai ba. Tambayar ai taka ce. Ka shiga wata salsalar, Baba, wane daga wane daga Modu, kuma masu jero ta ba su san hanyar Dala ba.

Wannan ne ake so in goge? Haba! Ko na yarda, ta ina zan fara? In bi ɗakunan karatu na duniya da reza ina kankarewa?

Ba na ƙin Baffa. Shi ya riƙa saɓa ni a kafaɗa yana hawa dutsen Dala da ni don in ga rufin gidanmu daga sama. Na san tsoro yake ji kada iyaye su janye 'ya'yansu daga makarantarka, kuma tsoron nan ba na raina shi. Amma da kai ne a kan buzun nan, da ka tambayi wanda ya kawo maganar daga wa ya ji. Babu wanda ya tambaya. A cikin dattawa bakwai da suka zauna a kaina, ko ɗaya bai saurari shirin da kunnensa ba.

Laifi ɗaya na yarda na yi. Na ɗauko kalmar aji na kai ta kasuwa ban wanke ta ba. Da na ce salsalar gero nake karantawa, da mai waina ma ta gane. Wannan zan gyara.

Ranar Juma'a da hantsi zan koma gidan rediyon, kamar yadda Baffa ya nema. Zan tafi da zangarniya biyu a jaka, ta gero da ta shibra. Zan canza kalmar, ba zan canza harafi ɗaya daga abin da na gano ba, domin ban ga ƙarya a ciki ba, kuma ba ka koya mini tuba daga gaskiya ba. Bayan an sauko daga masallaci zan shiga zaure in durƙusa in gaida Baffa, in ajiye masa zangarniyoyin a gabansa, in ba shi wasiƙar nan mai shafi huɗu ya buɗe da hannunsa, tunda shi ne a madadinka. In ya karanta ya ce in bar gidan, zan bar gidan. Suna kuwa ba shi ya ba ni ba, ba kuma a hannunsa zan bar shi ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane harafi da ka koyar ya zame maka haske. Allah ya sanyaya zuciyar Baffa, ya raya makarantarka, ya ba mu damina mai albarka. Ni kuma ya shirye ni in na karkace, ya ƙarfafa ƙafata in ina kan daidai. Amin.

'Yarka, jiya da yau da bayan Juma'a,

Yagana Modu