Baba, Ashe Reza Ba Daga Razana Ta Fito Ba

Zuwa ga mahaifina, Baba Wanzan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna tana lafiya, gero ma bana ya yi kyau.

Baba, na zo maka da labarin da ba za ka so ba.

Ka tuna rumfarka ta kasuwar Shinkafi, inda kai da amininka Baffa Isuhu direba, mutumin Jangeru, kuka tsufa kuna gardama a kan kalma ɗaya? Kai ka ce reza Hausa ce tsantsa, daga razana ta fito, don duk wanda aka nufo da ita sai ya razana. Shi kuwa, da yake yana kai kaya Maraɗi, ya rantse bakin Faransa ne. Kakan ce, "Bature da bai san ƙaho ba, mi ya sani ga aski?"

Ranar da abin ya yi zafi kana tsakiyar yi masa aski. Ka mayar da aska cikin zabira, ka ce sai ya janye. Bai janye ba. Haka ya tuƙa mota har Kaura Namoda da rabin kai, 'yan kamasho suna tambayarsa ko ɓera ne ya ci masa gashi.

To, makon jiya wata malamar Faransanci a makarantarmu ta warware mini. Tushen kalmar tsohon harshen Rumawa ne, radere, wato kankarewa. Faransawa suka ce razuwar, Italiyawa razoyo, Bajamushe in zai yi aski ya ce raziran. Turawan Ingila suka ara daga Faransa suka kawo mana. Har rushe gari ƙurmus da ƙanwar kalmar suke faɗa. Wai kuma Faransawa, mutumin da ya ishi jama'a da magana ɗaya kullum, razuwar suke ce masa. Ka yafe ni, Baba, ku biyun na tuna.

Na hau mashin na je Jangeru in yi wa Baffa albishir. Ya tsufa, idon ma sai a hankali. Na zaci zai sa a yi guɗa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa cewa ya yi, "Ɗana, tun da tsohonka ya tahi, duk abin da nic ce sai a ce haka ne Baffa. Ina daɗin wanga zama?"

Sai na zauna, Baba, na musa masa farashin wake har la'asar.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka, ya sada ka da masoyanka a Firdausi. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Sanusi