Ram Ɗin Yaya Nura

Laraba da dare, Bebeji

Allah Ya yafe mini, bai kamata in rubuta wannan a kan 'yar'uwata ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Kwamfutar da Yaya Nura yake buga gem ɗin ƙwallo da ita ta fara maƙalewa. Da yamma abokansa suka cika zaure suna gardama, wannan ya ce katin hoto, na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta, za a sayo, wancan ya ce allo. Ni da Hauwa 'yar Kawu muka kai musu zoɓo. Na san ram ne, wato ƙwaƙwalwar da kwamfutar take aiki da ita, ya yi mata kaɗan, don ni nake goge ta, kuma na taɓa dubawa. To ta yaya zan buɗe baki a gaban maza? Sai na raɗa wa Hauwa.

Ita kuwa ta ɗaga murya: "Yaya, ram za ka ƙara. Katin hoto shanye batirin sola zai yi."

Ya ce, "Iye, Injiniya Hauwa! Ran Asabar ke za ki raka ni Kano mu zaɓo."

Ko kallona ba ta yi ba.

Ɗazu da muka kwanta ta taɓo ni: "Bilki, wai ram ɗin iri-iri ne? Wanne zan ce?" Na yi kamar na yi barci. Tsohon samfuri kwamfutar take ɗauka, sabon ba zai shiga ba. Zan faɗa don kada Yaya ya yi asara, amma shi zan faɗa wa da bakina.