Hotunan Kawun Falmata

Daren Laraba, unguwar Hammadu Kafi

Raina a ɓace yake. Ɗalibata Falmata ta tsara wa kawunta, tela a Tudun Wada, shafin bulog na intanet tsaf, launi da rubutu duk gyaran hannunta. Jibi za a duba aikin, da shi za ta samu gurbin horo. Sai Kawu ya ce a jera hoton duk ɗinkin da ya taɓa yi a shafin farko. Yanzu saboda nauyin hotunan, shafin ko buɗewa ba ya yi a waya.

Na ce ta rage. Ta sunkuyar da kai. "Malama, shi ya riƙe ni tun Maiduguri. Da wane baki?"

Gobe zan kai masa ɗinki, in miƙa masa wayata ya buɗe shafin da kansa.