Hannun da Ta Nuna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya nauyin jiki? Ƙafar ta daina kumburi? Ki gaida maigidan.

Kafin a tura mu asibiti aikin koyo sai da aka tace mu tas. An ɗebi jini, an duba ciwon hanta, an yi mana rigakafi, sannan gwajin tarin fuka: ɗan ruwa ake tsira miki a fatar hannu, ki dawo jibi a duba ko wurin ya tashi. Nawa lafiya lau.

Amma 'yar ɗakinmu, wadda muke kira Na-sani don ba a gaya mata komai, nata ya tashi suntum. Wai ta fi kowa maki a aji! Wuni ta yi tana danna masa ƙanƙara, ta bi da hoda, kamar cutar na tsoron hoda. Da ta ga nas ɗin da za ta duba ba ita ta yi allurar ba, sai ta miƙa mata ɗaya hannun. A gabana, Yaya, ko kunya babu.

Na yi mata magana, ta ce rigakafin yarinta ne ya jawo, kuma tarin da take yi fanka ce. Mai son zama ungozoma ke nan. Ɗakin jarirai aka tura ta, inda za a kwantar da naki wata mai zuwa. Ko ganinta ba na son yi.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da abin cikinki kuna lafiya.

Na je na faɗa wa shugabar nas-nas. Aka yi wa Na-sani hoton ƙirji, ga cutar nan ɓaro-ɓaro. An cire ta daga ɗakin jarirai, ta fara shan magani, kuma an ce za ta warke. 'Yan ajinmu kuwa sun daina amsa gaisuwata, wai na tona asirin 'yar'uwa. Su da suka haddace babin tarin fuka don jarrabawa. Allah ya sawwaƙe wa marar lafiyar da zai faɗa hannunsu.

Ki zo ki haihu hankali kwance. Sai dai alkawarin da na yi miki, cewa ni zan fara ɗaukar jaririn, ba zai cika ba. An sake gwada duk 'yan ɗakinmu, kuma wannan karon nawa ya tashi. An dakatar da ni sai an gama bincike, zangon nan ya wuce ni. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Tun kafin ranar dubawa, da wurin ya tashi, Na-sani ce ta fara aiko mini saƙo, wai in gwada ƙanƙara. Hannun da aka tsira na miƙa wa nas.

In ya iso, ki turo mini hotonsa.

Taki har kullum,
Auta