Kayan da Inna Ta Ninke

Galtimari, Maiduguri
Ranar Talata

Zuwa ga Yayata Rahmat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya sa tana shan maganinta, ba tura shi take yi ƙarƙashin filo ba kamar yadda ta saba.

Kin riga kin ji na sauka ranar Asabar, an samu namiji. Abin da ban faɗa a waya ba shi ya sa na ɗauki biro, don na san halin Inna, da ta ji muryata sai ta fizge wayar daga hannunki. Direban da ke kai wa maigidana Garzali busasshen kifi Kano shi zai miƙa miki wannan.

Yaya, idon yaron ya yi rawaya. Ɗazu na kai shi bakin taga na danna karan hancinsa, da na ɗaga yatsa wurin ya fito kamar an goga kurkur. Maƙwabta sun ce shawarar jarirai ce, a shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos. Haka aka ce mini shekara uku da suka wuce a kan ɗana na fari, Zayyad, na kuma bi. Kwana uku ina zaune da shi a tsakar gida ina juya shi a rana. Kin san ƙarshen zancen, ranar da za a yanka masa rago aka kai shi makwanci. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne kukan da ya yi a ƙarshe, wani siririn kuka mai tsini, yana banƙarewa a hannuna. Har yau ina jin sa. Da rana tsaka ina wanke-wanke, Keke Napep ya taka birki a layi, sai in saki kwano in nufi ɗaki da gudu.

Garzali ya ce a bari sai bayan suna, wai mai jego ba ta yawon asibiti. Na ce masa ko ya kai mu, ko in yafa mayafi in kai kaina. Ya fita neman keke yana ƙunƙuni. Tsoro nake ji, Yaya, ba kaɗan ba.

Ki ce wa Inna akwatin kayan jariri ya iso lafiya, yanzu ma rigar da ta ɗinka ce a jikinsa. Sauran zancen kuma ki bar shi a cikinki. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Rumaisa'u


Asibiti, Maiduguri
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yaya Rahmat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara, da fatan duk kuna cikin ƙoshin lafiya. Kada ki yi dariyar rubutuna, a kan cinya nake yi, a bencin bakin ɗakin jarirai.

Yana raye. Na fara da wannan don kada hankalinki ya tashi. Sun tuɓe shi daga shi sai famfas, sun rufe masa ido da ɗan ƙyalle, sun kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Likita ta ce abin ya hau sosai, in bai sauka ba sai an sauya masa jini, domin in rawayar nan ta kai ƙwaƙwalwa, yaro ko ya tashi yana iya rasa ji, ko ya kasa zama. Ban tambaye ta abin da kukan Zayyad yake nufi ba. Na gane da kaina.

Akwai wata nas a nan, Sista Modesta, 'yar Anambra ce amma a nan aka haife ta, Barbarci a bakinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ita ta karɓi yaron ranar da muka zo. Tana cire masa riga sai ta tsaya, ta kai rigar hanci. Kin san ni da turaren wutan Barno, na turara kayan nan har sau biyu, amma hancinta ya wuce turaren. Ta tambaye ni ko da kafur aka ajiye kayan. Na ce ƙwarai kuwa, har da 'yar fahariyata, na ce mahaifiyata ba ta ninke tufa ba tare da ta sa ƙwayar kafur a kowane ninki ba, shi ya sa kyankyaso bai taɓa sanin hanyar akwatinta ba. Sista Modesta ta ƙulle kayan a leda ta fitar da su daga ɗakin.

Bayan an gwada jininsa likita ta zaunar da ni. Ta ce akwai yaran da ake haifa, galibinsu maza, da wani rauni a jini da ake gado ta wajen uwa. Lafiyarsu ƙalau, amma in kafur ya taɓa jikinsu ko suka shaƙe shi, sai jinin ya riƙa fashewa, abin da ya fashe kuma jiki ya mayar da shi rawayar nan. Ɗana yana cikinsu.

Yaya, kayan Zayyad ma daga akwatin nan suka fito. Ni na sa masa su da hannuna, ina sunsunar wuyansa ina cewa yana ƙamshin gidanmu.

Na tambayi likita ko babu wani magani da ya fi fitila sauri. Ta ce akwai wata allura da aka daɗe ana gwadawa a ƙasashen waje. Wai a jiki akwai wani sinadari da ke aikin mayar da mataccen jini rawaya, allurar kuma tare shi take yi. Fitila kamar kwashe ruwan da ya malale ne, allurar kuwa kamar rufe famfon. Amma ta ce ko a can ba a sake ta ga kowa ba tukuna, a nan kuwa babu ita sam. Da ma ba ta faɗa mini ba. Na matsa mata sai da ta rubuta mini sunan a takarda, na tura Garzali ya bar rumfarsa a Baga Road ya bi kemis-kemis. Wani mai kemis, Damian, ya juya takardar gaba da baya, ya ce shekararsa ashirin a sana'ar bai taɓa jin ta ba. Takardar tana ƙulle a bakin zanena. Ina zaune ina kallon ɗana cikin shuɗin hasken nan, ina ta tunanin wani ɗan kwalba a kan wata kanta a wata ƙasa, kamar in na ƙara tunani zai taso ya zo.

Gobe suna, za a yanka rago ba mu a gida. Garzali ya so a mayar masa da sunan Zayyad, na ce kada ma ya fara. Haisam za a sa.

Ki ci gaba da addu'a. Kada Inna ta ga takardar nan.

Taki,
Rumaisa'u


Galtimari, Maiduguri
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki duka. Na ga saƙonki, na gode da saukar da kika sa aka yi mana.

Alhamdulillahi mun dawo gida jiya. Sai da aka sauya masa jinin, ran Asabar ɗin, daidai lokacin da ake rabon naman sunansa. Daga nan abin ya yi ta sauka. Yana kama nono da ƙarfi kamar mai ramuwa, idonsa ya yi fari. Za mu koma gwajin ji nan da wata guda, amma ɗazu murfin tukunya ya faɗi ya zabura, ni kuwa na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode Allah. Duk kayan akwatin na fitar da su daga gidan. Da rigar yayan Garzali da muka yayyanka muke rufe shi.

Ya kamata in yi murna, ina kuma yi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Inna ta kira ni yau da hantsi. Ta tambayi abin da likitoci suka ce ya jawo, na ce mata wani abu ne a jini. Sai ta ce ai ta sani, nata ma haka suka yi. Yaya, kin tuna muna da 'yan'uwa maza biyu, ɗaya tsakanina da ke, ɗaya a bayana? Ni abin da na tashi da shi kawai shi ne ba su yi kwanan duniya ba. Yau ta ba ni labari. Ta ce dukansu sun yi rawaya kafin suna, dukansu sun yi wannan kukan, har ta kwatanta mini shi a waya da muryarta ta tsufa. Ta ce wasu sun ce maita ce, wasu sun ce iska, ita dai ta bar wa Allah, don ta san ba ta gaza musu da komai ba, ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kayansu ba. Mu mata muka rayu cikin kayan nan, su suka tafi.

Sannan ta ce tunda Allah ya bar mata wannan, jibi za ta shigo mota da sababbin kaya, tun jiya take ninke masa su da hannunta. Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, sai na ji kaina ina cewa Allah ya saka da alheri, Inna.

Don Allah ki je gidan kafin ta taso. Ki karɓi kayan ki ce kin haɗa su da na wanki bisa kuskure, ki sayi wasu a kasuwar Kwari ki ba ta a ledarsu. Ki share akwatin Inna tas, ki ce mata asibiti sun hana kafur ga kowane jariri, ta kuma gaya wa matan unguwa. Iyakar abin da za ta ji ke nan. Shekara talatin tana kwana da sanin cewa ba ta gaza wa 'ya'yanta ba. Ni na ɗauki nawa, Yaya, kada mu ɗora mata nata.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Rumaisa'u