Za Su Cire Matar Ayuba Daga Wasan Malam

Inna Mastura, don Allah ki taimake ni da shawara. Alhazai ke kawo mana jaridarku nan Jidda, ɗiyata Bashira ke karanta mini.

Mijina, Malam Na'ibi, ya rasu bayan babbar Sallah. Ba don mijina ba ne, amma duk unguwarmu Hindawiyya babu mai tsara waƙa kamarsa. Ya samu wani tsohon wasan kwaikwayo na Larabci, a waƙe, kan ƙissar Annabi Ayuba, ya mayar da shi Hausa domin ɗalibansa. Bai yarda kowa ya fito a matsayin Annabi ba, maƙwabta da matar Annabin ne ke ba da labarin. Baitocin matar kuwa yana kwance ya tsara su, ina jinyarsa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma sai ya tambaye ni abin da mace ke ji in tana juya mijinta a shimfiɗa, in faɗa, ya sa a waƙa. Har yadda nake ɗanɗana kunu kafin in ba shi yana ciki.

Yanzu ɗalibinsa Abdulghani ya zo cikin ladabi, wai za su yi wasan ranar rufe makaranta, da sunan Malam. Har na yi kukan daɗi. Sai ya ce za su cire matar gaba ɗaya, don duk maza ne, kuma nan ba a sa wa namiji kayan mata. Na ce halas, magana ta ƙare, a bar wasan. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron na binne aikin Malam da hannuna. In kuma na yarda, yaya za a yi Ayuba babu mai jinya?

Matar Malam, Hindawiyya

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Malam, ya ba ki ladan jinya.

Abdulghani bai yi laifi ba. Ƙasar da yake zaune da dokar makarantarsa yake bi, kuma mai son raina aikin malaminsa ba ya zuwa neman izini. Ke ma kina da gaskiya: in aka cire matar, an cire rabin haƙurin.

Amma Malam ya riga ya nuna muku hanya. Annabi bai fito ba, duk da haka an ji labarinsa. To, ita ma kada ta fito. A ƙara maƙwabci ɗaya, da rigarsa da hularsa, ya ce ya jiyo ta ta bayan katanga, ya rera baitocinta, ba a taɓa ko kalma ba. Wannan ne sharaɗinki. In sun rage wani wuri don lokaci, ki yi musu uzuri.

Ki aika a kira Abdulghani a makon nan. Ki ce gwajin ƙarshe a gidanki za a yi, kina bayan labule. Wanda ya rera da gaggawa ki tsayar da shi ya sake, don maganarki ce, ke kika san nauyinta.

Allah ya sa a yi lafiya, ya sanyaya zuciyarki.

Inna Mastura